Katin zamana ya ƙare, zan iya zuwa gida?

Tambaya: Ina aiki a Italiya. Katin zamana ya ƙare, na nemi sabuntawa amma bai fito ba. Mahaifiyata ba ta da lafiya a Kano. Idan na tafi, za a bar ni in dawo?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kwantar da hankalinka, akwai hanya. Italiya tana barin mai jiran sabuntawa ya je ƙasarsa ya dawo, muddin yana riƙe da abu uku: fasfo mai rai, tsohon katin, da rasit ɗin da gidan waya ya ba shi ranar da ya miƙa takardunsa. Na asali za ka riƙe, hoton waya ba ya wadatarwa.

Inda ake samun matsala shi ne hanyar jirgi. Rasit ɗin ba ya ba ka damar ratsa wata ƙasar Schengen, don haka kada ka sayi tikitin da zai sauke ka a Faransa, Jamus ko Holan, komai arharsa. Bi ta Alkahira, Addis Ababa ko Istanbul.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi kamfanin jirgin a rubuce ko zai ɗauko ka daga Najeriya da rasit, ka ajiye amsar. Duba kuma ranar da ofishin 'yan sanda na Questura ya sa maka ta ɗaukar zanen yatsu, ka dawo kafin ta zo. Idan katinka na farko kake jira, wannan hukuncinsa daban ne, sai ka fara tambayar Questura. Allah ya kai ka lafiya.