Hukuncin Allurar Shafe Tamojin Fuska

 Darasin wannan mako zai duba wata allura da ake yi wa fuska domin a shafe tamoji, wadda ta yawaita a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, har ta iso manyan biranen ƙasar nan. Tun da yake ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, sai a fara da bayanin ita allurar.

Idan shekaru suka ja, kitsen da ke ƙarƙashin fatar fuska yakan ragu, haka kuma wani sinadari mai suna kolajin wanda ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta, sai fatar ta saki, kumatu su faɗa, layuka su fito daga gefen hanci zuwa gefen baki. To, abin da likita ke yi shi ne ya ɗura wani abu mai kauri da yauƙi a ƙarƙashin wurin da ya lotsa, ya taso, tamojin ya ɓace. Wannan daban take da allurar Botox, domin ita Botox ba ta cike kome, tana kashe ƙarfin naman da ke yamutsa fata ne na 'yan watanni.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. A 1899 wani likita a birnin Biyana na Ostiriya, mai suna Robert Gersuny, ya fara ɗura man bazilin a jikin mutum, wasu suka biyo shi da kakin faraffin. Ba a daɗe ba aka ga ta'adi, abin ya riƙa dunƙulewa yana zama ƙulli mai tauri a fuska, wanda ba ya fita sai da yanka. A 1981 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da kolajin da aka samo daga fatar shanu, a 2003 kuma ta yarda da Restylane, wanda aka yi da sinadarin hayaluronik. Shi wannan sinadari Allah ya riga ya halicce shi a jikin ɗan Adam, a fata da gaɓoɓi da ido, aikinsa riƙe ruwa. Shi ne aka fi amfani da shi yanzu, jiki kuma yakan shanye shi cikin wata 6 zuwa wata 18, sai a koma a sake. Akwai kuma irin da ba ya narkewa, yana nan har ƙarshen rai.

Mas'ala ta farko ita ce tsarkin abin da ake ɗurawa. An taɓa tatso hayaluronik daga zankon zakara, an kuma taɓa sayar da wani kolajin na alade mai suna Evolence, wanda aka daina fitar da shi a 2009. Mafi yawan na yau daga ƙwayoyin bakteriya ake samunsa, ba daga dabba ba, saboda haka maganar najasa ta yi sauƙi. Duk da haka lalle ne Musulmi ya tambayi asalin abin da za a sa masa.

Inda magana ta yi nauyi shi ne canza halitta. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, Allah Ta'ala ya ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na sa mutane su jirkita halittar Allah. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya yarda da shi, la'antar mata masu zane a fata da allura, da masu tsige gashin gira, da masu goge haƙora su yi wushirya don neman kyau. Masu sharhi sun bayyana cewa ita wannan wushirya tsofaffin mata ne suke yinta don a ɗauke su 'yan mata. Ashe ke nan ɓoye shekaru ba sabon abu ba ne, kayan aikin ne suka sake. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa tun suna yara, ita ma ta kawo hanin mata ga barin ƙarin gashi da zanen fata, ta ce rina gashi da baƙi makaruhi ne, amma ba laifi a yi da lalle.

Sai dai Imamu Nawawi ya ja hankali ga ƙaidin da ke cikin hadisin, watau neman ƙarin kyau, ya ce idan don magani ne ko gyaran wani aibu, to ba kome. Hujjar wannan ita ce ƙissar sahabi Arfajatu ɗan As'adu, wanda aka yanke masa hanci a yaƙin Kulabu zamanin jahiliyya, ya yi na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun kawo ta. Daga nan malamai suka raba aikin gida biyu: mayar da halitta yadda take bayan ta ɓaci, da neman ƙari a kan halittar da ba ta da wata illa. Wanda wuta ta ƙona, ko haɗarin mota ya bar masa rami a fuska, ko ciwo ya cinye masa naman kumatu, yana cikin kashi na farko. Ai ma wata allurar mai suna Sculptra, da aka yarda da ita a Amurka a 2004, don masu ciwon ƙanjamau aka fara yarda da ita, waɗanda fuskarsu ta zube har ana nuna su da yatsa. Hana irin waɗannan magani ƙuntatawa ce da shari'a ba ta zo da ita ba.

To, tamojin tsufa fa, aibu ne ko halitta? Suratur Rum, aya ta 54, ta lissafa rauni da furfura bayan ƙarfi a cikin matakan halittar da Allah ya tsara wa ɗan Adam. A kan wannan fahimta Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tafi a zamanta na 18, wanda ta yi a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya a watan Yuli na 2007. Ta yanke cewa kawar da tamoji da tiyata ko da allura bai halatta ba, sai fa idan ciwo ne ya jawo shi, kuma an amince ba za a cutu ba. Matashiyar da fatarta ta yamutse tun lokaci bai yi ba saboda wata lalura ta shiga cikin wannan sauƙi.

Wasu malaman zamani sun sassauta fiye da haka. Suka ce abin da aka la'anta shi ne canji mai ɗorewa, ita kuwa wannan allura tana gushewa, saboda haka ta fi kama da kwalli da lalle, musamman ga matar da ke yi don mijinta. Magana ce mai fuska, bai kuwa kamata a jefi wanda ya bi ta da la'ana ba, tun da mas'ala ce ta ijtihadi. Amma kamancen bai cika ba. Kwalli a kan ido yake zama, ruwa ya wanke shi, kowa kuma ya gan shi ya san ado ne. Ita allura sai an huda fata, an yi ta ne don kada a gane an yi, sa'an nan wadda ta fara da wuya ta daina, domin duk sa'ad da abin ya narke sai ta ga fuskarta ta fi da tsufa. Abin da ake sabuntawa kowace shekara, da kuɗi masu yawa, da ƙyar a kira shi mai gushewa. Fatawar Majalisar ta fi kusa da kiyaye addini.

Akwai wurin da duka ɓangarorin biyu suka haɗu, shi ne yaudara. Namiji ko mace da ya yi allurar don ya ruɗi wanda zai aura game da shekarunsa ya yi ha'inci. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta nemi izinin yi wa 'yarta amarya ƙarin gashi, bayan ciwo ya zubar mata da nata, ba a ba ta izini ba.

Haka nan sun haɗu a kan sharaɗin rashin cutarwa, bisa hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa wanda ya hana cuta da cutarwa. Kumburi da taruwar jini na 'yan kwanaki su ne ƙananan illoli. Babbar illa ita ce allurar ta faɗa cikin jijiyar jini ta toshe ta, fatar wurin ta mutu, idan kuwa abin ya bi jijiyar da ke ciyar da ido sai mutum ya makance, galibi kuma ganin ba ya dawowa. Wannan bai cika faruwa ba, amma ya fi aukuwa a tsakanin gira da kan hanci. Shi hayaluronik yana da wani magani da ke narkar da shi idan an yi hanzari, irin da ba ya narkewa kuwa ba shi da wannan. Saboda haka ko wanda lalura ta halatta masa, bai halatta ya miƙa fuskarsa ga mai shagon kwalliya ko ya sayi abin ya yi wa kansa ba, sai ƙwararren likita mai izinin aiki.

Game da ibada, abin yana ƙarƙashin fata ne, ba ya hana ruwa taɓa ta, don haka alwala da wanka sun inganta. Azumi ma bai karye ba ga wanda aka yi masa don magani, domin ita dai wannan Majalisa ta riga ta yanke a zamanta na Jidda a 1997 cewa allurar magani ta fata ko ta nama ba ta karya azumi, ban da wadda ke tsayawa a madadin abinci.