Darasin Wannan Wata: Injin Ban Ruwa da Sanyin Hunturu

 Darasinmu na yau na manoman rani ne, musamman na fadamun kogin Haɗejiya, tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri.

A da, da jigo ake ban ruwa. Daga shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur. Bayan an kafa Jihar Jigawa a 1991, hukumar JARDA da shirin Fadama suka ci gaba da wannan aiki. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 kuma sun canja yadda ruwa yake zuwa fadamunmu. Yau mai alkama da mai albasa da mai tattasai duk da inji suka dogara.

Amma da hunturu sai ka ga manomi ya yi sammako, yana ta jan igiya har kafaɗa ta yi ciwo, inji ya ƙi tashi. Wani kuma nasa ya tashi, amma fetur ɗin da ya kamata ya kai shi azahar ya ƙare tun da hantsi. Sau da yawa injin lafiyarsa lau. Rashin sanin aikin cok ne.

Abincin inji

Inji ba fetur zalla yake ci ba. Fetur da iska ake gauraya masa a cikin kafireta, fulogi ya ba da wuta, sannan ya kama. Idan inji ya yi ɗumi, kilo 1 na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15. Mu ɗauke shi kamar kunu. Idan fetur ya yi yawa, kunu ya yi kauri. Idan iska ta yi yawa, kunu ya tsinke.

Abu na biyu, fetur ba ya kamawa sosai sai ya zama tururi. Ɗiga shi a ƙasa da rana, nan da nan zai bushe. To, a watannin Disamba da Janairu sanyin asuba a ƙasar Haɗejiya yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ƙarfen inji ya kwana a sanyi. Fetur yana shiga, sai mafi yawansa ya lafe a jikin ƙarfe, kaɗan ne yake zama tururi. Kunu ya tsinke ke nan, wuta ba za ta kama ba.

Aikin cok

Cok wata 'yar ƙofa ce a bakin kafireta. Idan ka sa cok, ka rufe hanyar iska, inji ya zuƙo fetur mai yawa, kunu ya yi kauri. Wannan shi ne abin da inji mai sanyi yake so. Da zarar ƙarfe ya yi ɗumi, fetur zai riƙa zama tururi da kansa. Aikin cok ya ƙare, sai a cire shi.

Yadda za ka ta da inji da sanyin safiya

1. Duba baƙin mai, ka tabbata ya kai.
2. Cika famfon da ruwa. Kada ya juya a bushe, robar ciki za ta ƙone.
3. Buɗe makunnin fetur, ka sa cok.
4. Ɗaga totur kaɗan, ka kunna makunnin wuta.
5. Ja igiya a hankali har ka ji ta yi nauyi, sannan ka fizga.
6. Da ya tashi, riƙa mayar da cok sannu a hankali har ya buɗe duka.
7. Bar shi ya yi ɗumi na minti 2 ko 3 kafin ka ƙara totur.

Idan aka manta da cok

Alamominsa su ne baƙin hayaƙi daga salansa, da warin ɗanyen fetur, da rashin ƙarfi. Hasararsa uku ce. Fetur yana tafiya a banza. Fulogi yana yin baƙi, gobe inji ya ƙi tashi. Mafi muni, fetur yana wanke baƙin man da ke jikin fistin, ya gangara ya tsinka na ƙasa, inji ya tsufa tun kafin lokacinsa. Kuɗin gyara daga ribar tumatir za su fito.

Haka kuma, injin da ka kashe ɗazu, yana da zafinsa, ba ya son cok. Idan ka sa, zai sha mai ya ƙi tashi. Maganinsa: cire cok, buɗe totur duka, ka ja igiya sau da yawa. Idan ya ƙi, kwance fulogi ka goge shi ya bushe. Idan kuwa injinka ba ya aiki sai da cok ko da ya yi zafi, to kafireta ta toshe da datti. Kai wa bakanike ya wanke ta. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, wannan kuwa tamkar sa cok ne yini guda. Ka riƙa wanke ta.

Da bazara

A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. A lokacin cok kaɗan ake bukata, ko ma babu. Yi wa inji rumfa mai shan iska. Kada ka zuba fetur yana aiki ko yana da zafi, gobara ba ta sallama.

Motocin zamani

Yawancin motocin yanzu ba su da cok na hannu. Injekta suke da ita. Akwai 'yar na'ura da ke auna zafin ruwan inji, ta sanar da kwamfutar mota. Idan da sanyi, kwamfuta ta ƙara fetur. Idan ruwa ya kai wajen digiri 90, ta rage. Shi ya sa cire tamostat, kamar yadda wasu makanikai suke yi, yake jawo hasara: inji yana daɗewa bai yi ɗumi ba, mota ta yi ta shan mai. Dokar dai ɗaya ce, ko a mota, ko a babur, ko a injin fadama: mai sanyi a ƙara masa fetur, mai zafi a rage masa.

Tambayoyi don aji

1. Waɗanne abubuwa biyu ake gaurayawa a kafireta?
2. Me ya sa inji yake wuyar tashi da hunturu?
3. Kawo alamomi biyu na injin da aka bar wa cok.

Rubuta amsa a littafinka, ka nuna wa malamin ajinku. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka na fadama, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da amfani mai albarka. Sai fitowa ta gaba.