Kafin Ƙungiyarku Ta Nemi Tallafin Tsabtace Iska

Jama'a, kuskuren da yawancin ƙungiyoyin unguwa ke yi shi ne su cika takardar neman tallafi da kuka: hayaƙi ya dame mu, yara na tari. Gaskiya ne, amma mai raba kuɗin gwamnati hujja yake nema.

Ku dubi jihar Kalifoniya ta Amurka. A 2017 ta kafa dokar AB 617, wadda a ƙarƙashinta hukumar kula da iska ta jihar ke ba ƙungiyoyin unguwanni kuɗi su auna iskar da suke shaƙa. Yammacin Oakland, inda manyan motocin dizal ke zirga-zirgar tashar jiragen ruwa, na cikin wuraren farko da aka zaɓa. Mazauna can sun daɗe suna tattara bayanai tun kafin dokar.

To ku ma ku samu littafi guda. Duk ranar da hayaƙin masana'anta ko na bola ya turnuƙe, a rubuta kwanan wata, lokaci, da inda iska ta kaɗo shi. A ɗauki hoton baƙin ƙurar da ke kwanciya a kan farin zanen da aka shanya. Katin asibitin mai asma kuwa, kada a yar.

Ku yi wa ƙungiyar rajista, a Najeriya wurin hukumar rajista ta CAC, ku buɗe asusun banki da sunanta, da sa hannun mutum biyu ko uku. Ku kai ƙorafi hukumar kare muhalli ta NESREA a rubuce, ku ajiye kwafi.

In kuma wani ya turo saƙon WhatsApp yana neman kuɗin fom na tallafi, ku je ofishin hukumar da aka ce ita ke ba da tallafin da ƙafarku ku tambaya tukuna.