Darasi: Sauya Matakalar Katako a Gida

A Nasarawan Doya, cikin Ƙaramar Hukumar Makarfi, rani ne lokacin gyaran gida. Ana yin yaɓe, ana gyara indararo, amma sau da yawa ana manta matakalar hawa soro. Alhali ta nan ake hawa da buhun masara ko barkono don shanya. Idan gara ta ci katakon, taku ɗaya na iya karya ƙafar manomi.

Mai gida ya ƙwanƙwasa kowane mataki. Idan ya ji amo kamar ganga, ko ya ga gari yana zuba, lokacin sauyi ya yi.

1. A zaɓi itace mai ƙarfi, kamar maɗaci ko ƙirya.
2. Katakon ya zama busasshe. Ɗanye yana tsagewa, ƙusa ta yi sako-sako.
3. Kafinta ya auna. Tsayin kowane mataki inci 7, faɗinsa inci 10. Duk su zo daidai, domin mataki ɗaya da ya bambanta shi ke ka da mutum.
4. A goge da samfefa, a shafa maganin gara, sannan fenti. Kada a shafa baƙin mai a inda ƙafa ke takawa, yana da santsi.
5. A ɗora gindin matakala a kan dutse ko siminti, kada ya taɓa ƙasa.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ya sa ba a aiki da ɗanyen katako?
2. Inci nawa ne tsayin mataki?