Zubin Dara Da Wasan Da Na Yi Canjaras

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi muku bayani a kan zubin dara, domin shi ya fid da ni kunya a gasar da aka yi a makarantarmu. A wasan ƙarshe an haɗa ni da wani yaro mutumin Lolo, can bakin iyakar Jamhuriyar Benin, wanda ba a taɓa cinye shi ba. Ni kaɗai na rage cikin 'yan Kende, ga kuma kawuna da ya koya mini yana zaune yana kallo.

Kun dai san dara tana da gida 30, watau jeri 5 na gida shida-shida. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan kara, wancan tsakuwa. Da fari akan yi zubi ɗaya bayan ɗaya, ba a kuwa jera uku sai an gama. In an gama, gida 6 kaɗai ke saura. Sa'an nan a shiga tafiya, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda.

To, ga abin lura. Ɗan da ke kusurwa hanya 2 gare shi, na gefe 3, na tsakiya kuwa 4. Gidajen tsakiya 12 ne, su ake rububi. Shi ya sa kawu yakan ce mini, "Ɗana, tun ran gini tun ran zane."

A ran nan abokin wasana ya riga ni kama tsakiya. Ban ruɗe ba. Duk inda ya aje biyu sai in toshe na ukun, in kuma bar wa 'ya'yana hanyar motsi. Muka yi ta cin juna har kowa ya rage da 4, ba mai iya jerawa. Alƙali ya ce kunnen doki ne.

Wasu sun yi mini ba'a, amma canjaras ba abin kunya ba ne. A darar Turawa mai gida 64, Karpov da Kasparov sun kara a birnin Mosko daga 1984 zuwa 1985. Cikin wasa 48, guda 40 canjaras suka yi. Kasparov, wanda aka yi wa ci 5 ba ko ɗaya, ya daure, ya zama zakaran duniya a Nuwamba 1985.

Saboda haka, in an riga ka tsakiya kada ka yi garaje. Toshe, ka bar wa kanka hanya. Allah ya sa mu dace, amin.