Darasi na 14: Girgizar ƙasa mai zurfi

Yara, kun san rijiyoyin ƙasar Dakoro suna da zurfi. Amma ko wadda ta fi zurfi a Sabon Maci ba ta kai kilomita 1 ba. To, akwai girgizar ƙasa da ke tasowa daga zurfin kilomita 70 har zuwa 700.

Ɓawon duniya ba guda ba ne. A fashe yake kamar ƙwarya, sakaina-sakaina. Nahiyoyi da tekuna suna bisa waɗannan sakainu, su kuma suna motsi sannu-sannu, ƴan santimita a shekara.

Can ƙasa akwai zafi ƙwarai. Ku tuna da maƙeri: ƙarfen da ya yi ja a wuta lanƙwashewa yake, ba ya karyewa. Haka dutse mai zafi yake. To, mi ke karyewa a wannan zurfi?

Inda sakaina biyu suka haɗu, ɗaya takan nutse ƙarƙashin ɗaya. Wadda ta nutse ba ta yin zafi nan da nan. Nauyinta yana jan ta ƙasa, tana miƙewa, tana tsagewa. Zafi da matsi kuma suna tatso ruwan da ke cikin dutsen, sai tsagar ta yi santsi, ta zame. Shi ya sa girgiza take ta maimaituwa wuri guda. Masana suna kiran irin wannan wuri "sheƙa".

Akwai sheƙa a Rumaniya, ƙarƙashin duwatsun Karpat. Ran 4 ga Maris 1977 ta girgiza, mutane fiye da 1500 suka rasu, yawancinsu a birnin Bukarest. Akwai wata a Afganistan, ƙarƙashin duwatsun Hindu Kush, zurfin wajen kilomita 200. Girgizarta ta 2015 har a Indiya an ji ta, don mai zurfi tana kaiwa nesa.

Nijar tana tsakiyar sakainar Afirka, nesa da bakinta. Don haka girgiza ba ta dame mu ba. Amma ƴan uwanmu suna zuwa cin rani Aljeriya, inda take aukuwa. Ku gaya musu: in ƙasa ta motsa, a nisanci bango, in ana waje a tsaya a fili.

Tambayoyi
1. Mi ya sa dutse mai zafi ba ya karyewa?
2. Mine ne "sheƙa" a wannan darasi?
3. Ku nemo Rumaniya a taswira.