Iyakar Filin Makaranta

Kanya Babba gari ne a ƙaramar hukumar Ɓaɓura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, kusa da iyakar ƙasar Nijar. Mutanen wannan yanki manoma ne. Suna noma gero da dawa da gyaɗa da wake, saboda haka ƙasa tana da daraja ƙwarai a wurinsu. Kowane manomi ya san inda gonarsa ta fara da inda ta tsaya.

Tun zamanin dā mutane suna sa wa gonaki alama. Wani ya dasa gamba a jere, wani ya dasa bini-da-zugu, wani kuwa ya dogara ga itacen da Allah ya tsirar a wurin, kamar kuka ko tsamiya ko kanya. Haka kuma aka yi wa filayen makarantu da yawa na ƙauyuka. Sa'ad da za a gina makaranta, sai dagaci ya tara dattawa, su zaga filin da ƙafa. In an sami mai rubutu, ya rubuta kamar haka: gabas ya tsaya a gindin tsamiya, yamma a burtali, kudu a tsohuwar rijiya, arewa a gonar wane. A ranar nan ba mai shakka, gama kowa yana ganin tsamiyar da idonsa.

To, amma shekaru suna tafiya. Tsamiya ta tsufa, iska ta kayar da ita, an yi itacen wuta da ita. Rijiya ta rufta, an cike ta. Mai gonar arewa ya rasu, 'ya'yansa sun raba gado, wani ma ya sayar da rabonsa. Takarda tana nan, amma abubuwan da ta ambata sun ɓace. Sai maƙwabci ya ƙara kunya ɗaya bana, baɗi ya ƙara wata, wataƙila ba da mugun nufi ba. In kowace kunya ta kai mita 1, cikin shekara 20 filin wasan yara ya ragu da mita 20. Ran da aka tashi gina sabon aji, sai gardama ta tashi.

A nan ne ake kiran mai safiyo, watau ma'aikacin da ya koyi awon ƙasa. Ba ya fara awo da zuwansa. Sai ya fara karanta tsohuwar takarda, sa'an nan ya nemi mai unguwa da tsofaffin da suka ga filin tun farko, da maƙwabta duka. Yakan sa a tona ƙasa a nemi kututturen itacen da ya faɗi, ko bakin rijiyar da aka cike. In tsoho biyu sun saɓa, ba ya bin wanda ya fi ɗaga murya. Yakan gwada maganar kowa da abin da aka tono.

Awo da ƙafa ba sabon abu ba ne. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an riƙa auna gonaki da taki a ƙasar Kano domin yanka haraji. Amma taki yana da aibu, don ƙafafun mutane ba ɗaya ba ne. A ce takin dogo santimita 80 ne, na gajere 70. In kowa ya yi taki 100, dogo ya yi mita 80, gajere ya yi mita 70. Ina za a sa mita 10 ɗin nan? Don haka ma'auna suka yi aiki da sarƙa mai tsawon ƙafa 66, daga baya da tef. Yanzu suna da na'urar da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, ta nuna musu matsayin kowace kusurwa.

Idan an daidaita, sai a kafa turken siminti mai lamba a kowace kusurwa, a gaban shaidu. Mai safiyo ya zana taswira, ya rubuta tsawon kowane gefe, da inda ya fuskanta, da girman filin duka. Filin da ke da mita 100 a kowane gefe nasa huɗu, shi ne hekta 1. Ko wani ya tumɓuke turke da dare, ana iya duba taswira a mayar da shi gurbinsa.

Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, amma ƙaramar hukuma tana da ikon ba da izinin riƙe fili a karkara. Saboda haka akan kai taswira ofishin ƙasa a ajiye, a bar ɗaya a hannun shugaban makaranta. Sa'an nan sai 'yan makaranta su dasa darbejiya a jere daga turke zuwa turke, su riƙa ba ta ruwa har ta kama.